Kebul Mai Cirewa a Akwatin Wutar Kwamfuta: Amfaninsa da Inda Ya Gaza

Tsakure

Akwatin wutar kwamfutar tebur iri biyu ne a kasuwa: akwai wanda aka liƙe wayoyinsa a ciki tun daga masana'anta, akwai kuma wanda ake zare kebul ɗinsa a mayar. Wannan maƙala ta bibiyi dalilin da ya sa aka ƙirƙiro nau'i na biyu, ta auna amfanin da ake danganta masa, sannan ta gwada babbar sukar da aka yi masa a ma'aunin lissafi. Ta nuna cewa amfaninsa na haƙiƙa yana wajen harhaɗawa da gyara da karɓar sababbin na'urori, ba wajen ƙara wa kwamfuta sauri ko sanyi ba. Ta kuma nuna yadda rashin ƙa'ida ɗaya a bakin da ke shiga akwatin ya tauye wannan amfani, har wani lokaci ya zama hanyar asara.

Fitilun kalmomi: akwatin wuta, kebul, filogi, ƙa'idar ATX, turjiya, gyara

1.0 Gabatarwa

Wutar da ke fitowa daga soket ɗin bango ba ita ce kwamfuta ke aiki da ita kai tsaye ba. A Nijeriya da Gana da Ingila wutar gida tana zuwa da ƙarfin bolt 230, tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa. A Amurka bolt 120 ce, sau 60. Kayan cikin kwamfuta kuwa miƙaƙƙiyar wuta suke buƙata, mai tafiya fuska guda kuma mai ƙaramin ƙarfi: bolt 12, da bolt 5, da bolt 3.3. Na'urar da ke yin wannan juyi ita ce aka kira akwatin wuta a nan. Masu gyaran kwamfuta a kasuwannin Nijeriya sun fi saninta da fawa-fak. Domin guje wa ruɗani, kalmar "waya" a wannan maƙala tana nufin sili ɗaya na jan ƙarfe da rigarsa ta roba, "kebul" kuma damin irin waɗannan wayoyi ne da aka tattara suka ƙare a filogi ɗaya. Ƙananan ƙarafan da ke cikin filogin, waɗanda wuta ke bi ta kansu, su ne haƙora.

Akwatin wuta ba ya cikin kayan da mai sayen kwamfuta ke tinƙaho da su, amma duk sauran kayan a hannunsa suke. Kuskure ɗaya a jerin wayoyinsa yana iya ƙona faifan ajiya da aikin shekaru a cikinsa cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa batun ko kebul ɗinsa a liƙe yake ko ana cire shi ya wuce maganar ado, duk da cewa a matsayin ado aka fi tallata shi.

2.0 Yadda Wayoyi Suka Yi Yawa

Tsarin da kwamfutar tebur ke bi a yau ya samo asali ne daga ƙa'idar ATX da kamfanin Intel ya fitar a 1995. Ƙa'idar ta tanadi babban filogi ɗaya mai haƙora 20 da ke kai wuta ga babban allo, wato farantin da sauran kayan ke dasuwa a kansa. Daga nan aka dinga ƙari. A 2000, da furosesar Pentium 4 ta zo da yawan shan wuta, aka ƙara filogi mai haƙora 4 na bolt 12 domin ta kaɗai. Daga baya aka aro mai haƙora 8 daga manyan kwamfutocin saba. A 2003 babban filogin ya koma mai haƙora 24. Katin hoto ya girma ya fi ƙarfin wat 75 da ramin da yake zaune a ciki ke iya ba shi, sai aka yi masa nasa filogin mai haƙora 6 mai ɗaukar wat 75, sannan mai haƙora 8 mai ɗaukar wat 150. Faifan ajiya na SATA ya zo da siririn filogi mai haƙora 15, alhali tsohon filogin Molex mai haƙora 4 bai bar fage ba, domin fankoki da wasu tsofaffin kaya na amfani da shi.

Mai ƙera akwatin wuta bai san irin kwamfutar da za a saka shi a ciki ba. Hanya ɗaya da ta rage masa ita ce ya tanadi kowane irin filogi, kuma da yawa, ya liƙe wayoyinsu duka da dalma a cikin akwatin, su fito ta rami guda kamar jelar doki. Wannan ya yi daidai a zamanin da kwamfuta ɗaya ke ɗauke da faifan ajiya biyu ko uku, da na'urar CD ko DVD, da ta filofi. Sai dai zamani ya juya. Na'urar filofi ta ɓace, ta DVD ta bi sawunta, faifan ajiya kuma ya ƙanƙance ya zama ɗan sili irin na M.2 da ake dasawa a jikin babban allo, ba ya buƙatar kebul ko ɗaya. Kwamfutar ofis ta yau, wadda ba ta da katin hoto na daban, kebul biyu ne kacal ke ishe ta: na babban allo da na furosesa. Duk abin da ya rage a jelar ya zama kaya maras aiki, wanda dole a ƙudundune a nemi lungun da za a cusa shi.

3.0 Fitowar Akwati Mai Soket

Maganin da aka samo mai sauƙi ne: a jera soket a bayan akwatin, a ware kebul-kebul ɗin a jaka, mai harhaɗawa ya ɗauki wanda yake buƙata ya bar saura. Ɗaya daga cikin akwatunan farko da suka yi suna da wannan tsari shi ne X-Connect na kamfanin Ultra Products na Amurka, wanda ya fito a 2004. Kamfanin ya yi rajistar haƙƙin mallakar dabarar, kuma a 2008 ya maka kamfanoni sama da ashirin a kotu bisa zargin kwaikwayonta. Yawan waɗanda aka yi ƙarar ya isa ya nuna yadda tsarin ya bazu cikin shekara huɗu.

Yau nau'i uku ne a kasuwa. Akwai na asali mai liƙaƙƙun wayoyi. Akwai tsaka-tsaki, wanda kebul ɗin babban allo da na furosesa suke a liƙe, sauran kuma ake cirewa. Akwai kuma wanda komai nasa ake cirewa. Yana da kyau a faɗa tun a nan cewa wannan rabe-rabe bai shafi ingancin abin da ke cikin akwatin ba. Shaidar 80 PLUS, wadda aka ƙaddamar da tsarinta a 2004, tana auna kason wutar bango da akwatin ke iya miƙawa ga kwamfuta ba tare da ta salwanta a matsayin zafi ba, kuma babu ruwanta da ko kebul na cirewa. Da yake kamfanoni sun fi saka soket a kayansu masu tsada, mutane da yawa sun ɗauka soket ɗin shi ne alamar inganci. Ba haka ba ne: ana samun akwati mai soket da kayan cikinsa na banza ne, ana kuma samun mai jela da zai yi shekara goma yana aiki.

4.0 Amfanin da Ke Akwai da Wanda Aka Zuzuta

Amfani na farko a wajen harhaɗawa yake. Wanda ya taɓa ƙoƙarin ɗaure akwatin wuta a gidan kwamfuta alhali damin wayoyi na jan sa baya ya san wahalar. Idan kebul na cirewa, sai a fara jona shi a babban allo tun akwai sarari, a bi da shi ta bayan faranti, a ƙarshe a kawo shi bakin akwatin. Filogin furosesa, wanda yawanci yake can ƙuryar sama inda yatsa ba ya shiga da zarar an ɗaura na'urar sanyaya furosesar, shi ya fi cin moriyar wannan.

A ƙananan kwamfutoci kuwa abin ya wuce sauƙaƙawa, ya zama larura. Babban allo na Mini-ITX santimita 17 ne tsawo da faɗi, akwatin wuta na SFX da ake haɗa shi da shi kuma bai wuce milimita 125 da 100 da 63.5 ba. A irin wannan gida babu lungun ɓoye komai. Kebul mai tsawon santimita 60, wanda aka auna domin babban gida, sai ya naɗe sau biyu ko uku kafin ya zauna, kuma sau da yawa yakan tokare fanka. Da soket, ana iya musanya shi da gajere daidai wurin. A nan ne akwatin da komai nasa ke cirewa yake da hujja ta gaske. A babban gida kuwa, cire kebul ɗin babban allo ba ya rage komai, tun da babu kwamfutar da za ta tashi ba tare da shi ba. Ga yawancin masu saye nau'in tsaka-tsaki ya wadatar, kuma ya fi araha.

Na biyu shi ne gyara, kuma a ganin wannan maƙala shi ne mafi nauyi, ko da yake ba shi aka fi ambata a talla ba. Filogi yakan karye, haƙori yakan saki, ɓera yakan ci waya. A akwati mai jela, gyaran waya ɗaya yana nufin ko dai a yanke a yi ɗori, ko a buɗe akwatin a narke dalma. Buɗe shi ba abin wasa ba ne, domin babbar kafasitar da ke ciki tana riƙe wuta mai ƙarfin bolt kusan 400 a lokacin aiki, kuma ba nan take take sauke ta ba bayan an zare filogin bango. Da yawa sukan gwammace su yar da akwatin gaba ɗaya saboda filogi guda. A mai soket kuwa, kebul ɗin da ya lalace kawai ake sauyawa. Haka kuma idan akwatin ne ya mutu: ana iya zare shi a saka irinsa sak, a bar wayoyin da aka sha wahalar jerawa a inda suke. Ga mai kula da ɗakin kwamfuta na jami'a, inda na'urori masu yawa iri ɗaya ne, wannan ragin lokaci ne babba. Kalmar "irinsa sak" tana da muhimmanci a nan, kuma za a dawo kanta.

Na uku shi ne tsawaita rayuwar akwatin idan sabon filogi ya fito. A 2022, da wasu katunan hoto suka koma amfani da sabon filogin 12VHPWR, kamfanoni irin su Corsair da Seasonic sun fitar da kebul da ke shiga soket ɗin tsofaffin akwatunansu a kai ɗaya, ya ƙare da sabon filogin a ɗaya kan. Mai akwati mai jela ba shi da wannan zaɓi, sai dai ya bi ta ɗan mahaɗi da ake ƙarawa a tsakani, wanda ke ƙara yawan gaɓoɓin da wuta za ta tsallaka.

Saura batun iska, wanda masu talla suka fi ɗaga murya a kansa: wai rage wayoyi yana buɗe wa iska hanya, kwamfuta ta yi sanyi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma an zuzuta shi. A zamanin faffaɗan kebul ɗin faifai mai kama da ɗamara, da gidajen da akwatin wuta ke sama wayoyinsa na reto a tsakiya, maganar tana da tushe. Gidajen yau kuwa akwatin a ƙasa yake zama cikin rufaffen ɗaki nasa, akwai kuma sarari a bayan faranti inda wayoyi ke bi, don haka rarar kebul ba ta kan hanyar iska tun farko. Abin da ya fi tabbata shi ne batun ƙura. Damin wayoyi matattarar ƙura ne, kuma wanda ke kula da kwamfuta a Kano ko Damagaram lokacin hunturu ya san sau nawa ake buɗe ta a hure. Iya zare akwatin a fita da shi waje a kakkaɓe, ba tare da an warware komai ba, amfani ne ƙarami amma na kullum.

Tsarin yana da nasa farashi. Soket ɗin suna zaune ne a kan wani ƙaramin allo na daban a cikin akwatin, abin da ke ƙara kuɗi, sau da yawa kuma yana ƙara tsawo. Filogin da ke bayansa ma yana cin wuri. Sannan kebul ɗin da aka ajiye a jaka yakan ɓata kafin ranar da za a buƙace shi.

5.0 Sukar Turjiya a Ma'aunin Lissafi

Tun farkon fitowar tsarin aka sami masu adawa da shi a cikin masana'antar kanta. Kamfanin PC Power & Cooling na Amurka, wanda ya yi suna wajen ingancin kaya, ya daɗe yana bayyana cewa kowane soket ƙarin turjiya ne a kan hanyar wuta, yana kwatanta asarar da ta waya mai tsawon ƙafa biyu, kuma gaɓa ce da ke iya saki ko tsatsa. Daga baya shi ma ya fitar da akwati mai soket. Wannan bai ƙaryata hujjarsa ba. Abin da ya kamata shi ne a auna ta.

Wayar da aka fi amfani da ita a kebul ɗin kwamfuta ita ce mai lamba 18 a ma'aunin kaurin waya na Amurka, wadda turjiyarta ta kai miliom 21 a kowace mita. Tsawon ƙafa biyu, wato kimanin santimita 60, zai ba da miliom 13 ke nan. Haƙoran filogi irin na Mini-Fit Jr. na kamfanin Molex, wanda shi ne tushen yawancin waɗannan filogai, an ƙayyade turjiyar mahaɗarsu kada ta wuce miliom 10. Ashe kwatancen kamfanin bai yi nisa da gaskiya ba. Tambayar ita ce ko wannan adadi yana da tasiri.

A ɗauki furosesa mai shan wat 200 ta kebul mai haƙora 8, huɗu na bolt 12, huɗu na komawa. Wat 200 a kan bolt 12 ya ba da amfiya 16.7, wato kimanin 4.2 a kowace waya. A mahaɗa mai miliom 10, ƙarfin da zai ragu shi ne bolt 0.042, a haɗa da na hanyar komawa ya zama 0.084. Ƙa'idar ATX kafin fitowar ATX 3.0 ta yarda bolt 12 ya yi sama ko ƙasa da kashi 5 cikin ɗari, wato tsakanin 11.4 da 12.6, sassaucin bolt 0.6 ke nan. Abin da soket ya ci bai wuce kashi ɗaya cikin bakwai na wannan sassauci ba, kuma wannan a mafi munin hali ne da ƙa'ida ta lamunta. Zafin da ke tashi a haƙora takwas ɗin gaba ɗaya bai kai wat ɗaya da rabi ba. Daɗin daɗawa, akwatuna da yawa suna da ƙarin wayoyin sa-ido a babban kebul, masu auna ƙarfin wuta a can bakin babban allo su kawo rahoto domin akwatin ya cike giɓin. Shi ya sa ake ganin kebul mai haƙora 24 a kai ɗaya yana da 28 a kan da ke shiga akwatin.

A irin wannan nauyi, sukar ba ta da ƙarfi. Amma lissafin ya dogara da sharaɗi biyu: filogin ya shiga har ƙarshe, kuma wutar ta rabu daidai tsakanin wayoyi. Zafi a mahaɗa yana ƙaruwa ne da ninkin amfiya a kanta, wato idan wuta ta ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. Filogin 12VHPWR ya nuna abin da ke faruwa idan sharuɗɗan suka karye. An tsara shi ya ɗauki wat 600 ta wayoyi shida na bolt 12, amfiya 8.3 ke nan a kowace, alhali iyakar kowane haƙori amfiya 9.5 ce. Tazarar ta yi kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da tsohon filogin katin hoto mai haƙora 8, inda kowace waya ke ɗaukar amfiya huɗu da 'yan kai. Jim kaɗan bayan fitowar katin RTX 4090 a watan Oktoba na 2022 aka fara samun rahoton narkewar filogi. A watan Nuwamba kamfanin Nvidia ya ce ya san da aukuwar hakan kimanin sau 50, ya kuma danganta shi da rashin tura filogin har ƙarshe. A 2023 aka yi wa filogin kwaskwarima aka sa masa suna 12V-2x6, aka gajarta haƙoran sa-ido domin kati ya ƙi jan cikakkiyar wuta idan filogin bai zauna ba. Duk da haka, a farkon 2025 Bajamushen nan mai gwajin kayan kwamfuta, Roman Hartung, ya auna sama da amfiya 20 a waya ɗaya a kan katin RTX 5090, zafin filogin kuma ya kai kusan digiri 150 a ma'aunin Salshiyos. Abin lura shi ne, a kan da ke shiga akwatin wutar ne zafin ya fi tsanani, wato a daidai gaɓar da akwati mai jela ba shi da ita.

Akwai kuma batun tsufa. Irin waɗannan haƙora masu rufin kuza an ƙiyasta musu shiga da fita sau 30 ne kawai kafin riƙonsu ya fara sassautawa. Kebul mai cirewa an yi shi ne domin a cire shi jefi-jefi, ba kullum ba.

6.0 Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Babbar matsalar tsarin ba a turjiya take ba. Ƙa'idar ATX ta fayyace jerin haƙoran kowane filogi a kan da ke shiga na'ura: kowane filogin SATA a duniya jerinsa ɗaya ne, haka na babban allo, haka na katin hoto. Amma ba ta ce komai ba game da kan da ke shiga akwatin wuta, domin lokacin da aka rubuta ta wannan kan a liƙe yake da dalma. Da soket ya zo, kowane kamfani ya jera haƙoransa yadda ya ga dama. Kuma da yake kusan dukkansu daga dangin filogi ɗaya suke ɗiba, mai tazarar milimita 4.2 tsakanin haƙora, sau da yawa kebul ɗin wani kamfani yakan shige soket ɗin wani lafiya lau, har da ɗan ƙarar da ke nuna ya kama.

Sakamakon ya danganta da yadda jerin ya saɓa. Idan aka yi sa'a, wayar bolt 12 ta faɗa kan ta komawa, sai kariyar da ke cikin akwatin ta ga gajeriyar hanya ta kashe shi nan take. Kwamfuta ta ƙi tashi, mai ita ya yi ta mamaki, amma sau da yawa ba a yi asara ba. Idan ba a yi sa'a ba, bolt 12 ya bi ta layin bolt 5 ya isa faifan ajiya. A wajen akwatin babu wani laifi da ya faru, domin wuta yake bayarwa ana kuma sha; ba shi da hanyar sanin cewa ta tafi inda bai kamata ba. Allon da ke ƙarƙashin faifan, wanda aka gina domin bolt 5, shi ke ƙonewa. Kuma tun da kebul ɗin SATA ɗaya yakan ɗauki filogi uku ko huɗu a jere, duk faifan da ke kansa tare suke tafiya, har da wanda aka ajiye kwafin aiki a ciki domin tsaro.

A da launin waya yana faɗakarwa: ruwan ɗorawa bolt 12 ne, ja bolt 5, ruwan lemo bolt 3.3, baƙi kuma na komawa. Mai gyara yana iya gane saɓani da ido. Sai sha'awar ado ta sa aka mayar da wayoyin duka baƙaƙe, wannan alama ta tafi.

Sunan kamfani ɗaya ma ba ya ba da tabbas. Yawancin sunayen da ke jikin akwatunan ba su ne ke ƙera su ba. Masana'antu irin su Channel Well Technology da Great Wall da FSP da Super Flower da Seasonic su ke ƙerawa, kuma kamfani ɗaya yana iya ba wa masana'antu daban-daban kwangilar samfura daban-daban. Corsair ya rage ruɗanin ta hanyar raba kebul ɗinsa gida-gida da lamba, irin su Type 3 da Type 4 da Type 5, tare da jadawalin wanda ya dace da wane akwati, amma wannan tsari nasa ne shi kaɗai. A 2024 kafafen labaran fasaha sun ruwaito labarin wani mai saye da ya mayar wa kamfanin EVGA akwatinsa domin a sauya masa, aka aiko masa da sabo mai suna iri ɗaya, ya jona shi da tsofaffin wayoyinsa, faifansa masu ɗauke da terabait 22 suka lalace, saboda an sauya jerin haƙoran samfurin a tsakani. Wato hatta amfanin nan na zare akwati a bar wayoyi, wanda aka yaba a baya, yana buƙatar a tabbatar kafin a kunna.

Bambancin yana ƙara fitowa fili idan aka dubi ɗaya ɓangaren akwatin. Kebul ɗin da ke kawo wuta daga bango shi ma mai cirewa ne, kuma ya daɗe da zama haka. Amma bakinsa yana ƙarƙashin ƙa'idar duniya ta IEC 60320, don haka wanda ya sayi kwamfuta a Landan ya kai ta Yamai kebul ɗin bango kawai zai sauya, kuma kowanne ya samu a kasuwa mai irin wannan baki zai yi. Masu amfani sun saba da wannan, sun kuma saba da USB, sai suka ɗauka duk abin da ya shiga ya dace. Zato ne mai hankali. Kayan ne suka saɓa masa.

Haɗarin ya fi yawa a kasuwar kayan gwanjo, wadda ta nan ne kwamfutoci da yawa ke isa Afirka ta Yamma, ta wurare irin su kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas. Akwati mai jela duk inda ya je da wayoyinsa yake zuwa. Mai soket kuwa yakan rabu da jakarsa a hanya, ya iso tsirara, mai shago ya laluba cikin kwali ya ɗauko kebul ɗin da ya shiga. A irin wannan hali gwaji kafin jonawa shi ne kawai kariya, kuma ba shi da wuya. Ana jona kebul ɗin a akwatin ba tare da an haɗa kowace na'ura ba, a tayar da akwatin ta hanyar haɗa haƙori na 16 na babban filogi, wanda a da wayarsa kore ce, da ɗaya daga cikin haƙoran komawa, sannan a bi haƙoran ɗaya kan da mitar awon wuta ɗaya bayan ɗaya a gwada da jerin da ƙa'ida ta tanada. Aikin minti kaɗan ne. Wanda kuma ya sayi sabon akwati, zai kyauta wa kansa idan ya rubuta sunan samfurin a jikin jakar rarar kebul ɗin, ya kuma haɗa tsohon akwati da wayoyinsa duka a duk lokacin da zai rabu da shi.

7.0 Alamun Daidaitawa

Babu wata hukuma da ta tilasta wa masu ƙera akwatin wuta su daidaita soket ɗinsu. Dokar Tarayyar Turai ta 2022 da ta wajabta caja mai bakin USB-C ta shafi wayoyin hannu da kwamfutocin tafi-da-gidanka da makamantansu ne, ba ta leƙa cikin kwamfutar tebur ba. Kamfanonin kuma ba su da abin da zai ingiza su, tun da duk wanda ya fara sauya jerinsa zai raba kansa da kebul ɗin da ya riga ya sayar.

Sauyin da ake gani yana zuwa ne ta gefe. A 2019 Intel ya fitar da ƙa'idar ATX12VO, inda akwatin ke ba da bolt 12 kaɗai ta filogi mai haƙora 10, babban allo kuma ya ɗauki nauyin samar da bolt 5 da 3.3 ga faifai. A wannan tsari kebul ɗin SATA daga allo yake fitowa, don haka hanyar da bolt 12 ke bi ya ɓace zuwa layin bolt 5 daga soket ɗin akwati ta toshe. Sai dai tsarin ya fi samun karɓuwa a wajen kamfanonin da ke sayar da harhaɗaɗɗiyar kwamfuta. Masu harhaɗa tasu da kansu har yanzu suna kan haƙora 24. Na biyu kuma shi ne filogin 12V-2x6 da aka yi bayani a baya. Sababbin akwatunan da aka gina bisa ATX 3.0 da 3.1 da yawansu suna da soket ɗinsa a jikinsu, kuma jerin haƙoransa iri ɗaya ne a kai biyun, domin ƙa'ida ce ta tsara shi ba kamfani ba. Filogin da ya fi kowanne jawo ƙorafi shi ne kuma na farko da aka daidaita bakinsa a ɓangaren akwatin, ko da yake kamfanonin na ci gaba da gargaɗin a yi amfani da kebul ɗin da ya zo tare da kayansu kawai.